ZAUREN MATAN GIDA: Maigida Zai Ɗaura Kilti, Kuɗin Suna Na Neman Salwanta

  

A wannan wata na yi niyyar ci gaba da maganar lefe da muka faro, to amma sai wata wasiƙa ta shigo hannuna wadda da na fara karanta ta na yi dariya har da riƙe ciki, kafin in kai ƙarshe kuma tausayi ya kama ni. Mai wasiƙar ta roƙi a sakaya sunanta, don haka ga abin da ta ce a taƙaice:

"Anti, don Allah ki ba ni shawara, raina a jagule yake. Maigidana ya koma ƙaro karatu a Abadin ta ƙasar Sikotlan wata biyar ke nan, ya bar ni da ciki, yanzu watansa bakwai. Akwai kuɗin da muka ware na asibiti da ragon suna. Shekaranjiya ya bugo waya wai wani abokinsa Bature da suka yi karatun farko tare zai yi aure, ya sa shi cikin abokan ango, kuma dukansu siket za su saka, wai shi kilti. Ya ce zai taɓa fam 600 daga kuɗin nan ya ɗinka nasa, daga baya ya mayar. Anti namiji da siket? Ni dai zuciyata tana raya min ko wata Baturiya ce ta fara juya masa kai. Kwana biyu ban yi barci ba."

To 'yar uwata, da farko share hawayenki ki sha ruwa. Maganar Baturiya ki ajiye ta gefe, domin in dai wannan ce kawai hujjarki, wallahi ba ki da hujja. Na san abin nan ba a littafi kawai ba, domin Yayana ya daɗe a ƙasar, kuma lokacin da nake rubuta wani littafina da jarumin ya yi karatu a Edinbara sai da na ishe shi da tambaya har ya fara ƙin ɗaukar wayata. Kilti ba siket ba ne, kuma kada maigidanki ya kuskura ya kira shi siket a gaban mutanen ƙasar. Shi ne babbar rigarsu, shi ne kayan alfarmar mazansu. Da shi suke zuwa ɗaurin aure, da shi ɗalibai maza da yawa ke karɓar digiri, da shi suke bikin tunawa da mawaƙinsu Robert Burns duk ranar 25 ga Janairu, har kallon ƙwallo da shi suke zuwa in ƙasarsu za ta buga. Ai ko a nan Najeriya mazan yankin Neja Dalta zane suke ɗaurawa ranar biki, ba wanda ya ce da su 'yan daudu. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura.

Abin da ya sa suke ji da shi haka kuwa, an taɓa hana su sakawa. Bayan da sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe mutanen tsaunukan arewacin Sikotlan a yaƙin Kuloden a 1746, sai aka kafa doka cewa duk namijin da aka kama da wannan sutura, in ba sojan sarki ba ne, ɗaurin wata 6 ne a karon farko, in ya sake a kore shi zuwa ƙasashen ƙetare shekara 7. Sai a 1782 aka soke dokar. Shekara 40 bayan haka, a 1822, Sarki George na Huɗu da kansa ya ziyarci Edinbara ya ɗaura kilti, marubuci Walter Scott ne ya tsara bikin. Tun daga nan abin da aka hana talaka ya zama kayan gayun masu mulki. (Ga abin dariya, na sarkin ma ya yi masa gajarta, sai da ya sa wata doguwar safa mai ruwan hoda a ciki. Kin ga ashe ba maigidanki ne farkon wanda zai yi kuskuren awo ba.)

Saboda haka a kan sakawa ina bayan maigidanki. Amma a kan fam 600 daga kuɗin haihuwa, a'a, ina bayanki ɗari bisa ɗari. Ba na ce ƙarya ya yi miki ba, kuɗin kilti na gaske ya kai hakan. Abin da nake cewa shi ne ba shi ne ya kamace shi yanzu ba.

Bari in gaya miki abin da ke sa tsadar. Kilti na asali yadi 8 ne cur na ulu zalla yake ci, mutum guda fa. Gaba shimfiɗe yake, fallaye biyu ɗaya kan ɗaya kamar ɗaurin zane, amma baya duk ninki ne a jere, sama da guda 20, kowanne mai zurfi, kuma da hannu ake ɗinke su ɗaya bayan ɗaya daga ƙugu zuwa mazaunai, a tabbatar layukan zanen sun haɗu daidai ba karkace. A ciki a sa ƙyalle mai kauri da shafi don ya riƙe nauyin. Yadin kansa, wanda suke kira tatan, wato mai layi-layi a tsaye da a kwance, masaƙu ƙalilan ne ke saƙa na ƙwarai, irin su Lochcarron da ke garin Selkak da House of Edgar da ke Fas. Awon nauyinsa suke yi da oza: mai oza 16 a kowane yadi shi ne mai nauyi, mai 13 matsakaici, mai 10 ko 11 marar nauyi. To ki haɗa kuɗin ulu yadi 8 da ladan mai ɗinkin da zai kwashe kwanaki a duƙe, a ƙasar da aikin hannu ke da tsada. Da wuya a sami irin wannan ƙasa da fam 400, sau da yawa ma ya haura 600, kuma kiltin ne kaɗai, ba kwat ba takalmi. Sannan sai an jira makonni shida zuwa takwas kafin ya fito. Wanda ya mallake shi kam ya mallaki abin da zai bar wa ɗansa gado, domin yana shekara da shekaru bai motsa ba. Amma wannan sayayyar ɗan ƙasa ce da zai saka sau biyar sau shida a shekara har tsufansa. Maigidanki da ya gama karatu gida zai dawo. A ina zai saka ulu yadi 8 a nan, a zafin watan Afrilu? Sai dai ya zama abincin asu a ƙasan akwati.

Abu na farko da zai yi tun kafin ya taɓa ko sisi shi ne ya tambayi angon. Ina ganin kunya ce ta hana shi, irin ta mazanmu da ba sa son a ga gazawarsu. A al'adar can, abokan ango anko suke yi, ango ne ke zaɓen launin tatan, kuma galibi a shago guda ake ɗauko wa kowa haya, sau da yawa ma angon ne ke biya. Wasu shagunan in an ɗauki kaya da yawa har rangwame suke yi. To yaya ke nan in ya je ya ɗinka nasa mai ja, ya iso wurin biki ya tarar kowa da mai toka-toka? Ga asarar kuɗi ga zama bare a hoto.

Ko da angon bai biya ba, haya ita ce hanyar da na fi so masa. Na san Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara, amma a can haya ba abin kunya ba ce, 'yan ƙasar da yawa ma haya suke yi ranar aurensu. Da abin da bai wuce fam 100 da 'yan kai ba ana ba mutum komai da komai na kwana biyu ko uku: kilti na ulu na gaske, kwat, falmaran, jaka, takalmi, kuma su za su auna shi da kansu. Abin lura kawai ya yi magana da wuri, domin lokacin bazararsu, daga Mayu zuwa Satumba, shi ne kakar aure, kaya na ƙarewa. Kuma ya mayar ranar da aka ce, ya kiyaye miya, don akwai tara.

Amma na san halin maza. Zai iya cewa ai ga bikin karɓar digiri ma na tafe, haya biyu ko uku ta kai kuɗin saye, gara ya mallaki nasa ko don tarihi. Wannan lissafin ba laifi in dai ba sabo zai saya ba. In haka ne, gwanjo zai nufa, kuma gwanjon da ya fi shi ne na shagunan hayar nan da kansu. Lokaci-lokaci sukan fitar da tsofaffin kayan hayarsu su sayar, ulu na gaske, yadi 8, ɗinki mai kyau, a wanke a goge, da rabin kuɗin sabo ko ƙasa da haka. Ya shiga ya tambaya ko suna da shi, ba kullum suke bajewa a gaba ba. Bayan su akwai shagunan sadaka da ke cike a titunan garuruwansu, inda mutane ke kai kayan da suka daina sawa, sai kuma eBay da Vinted da kasuwar Facebook. A nan fa sai da ido. Ya ɗaga kiltin ya haska shi a taga, in ya ga 'yan ƙananan huji to asu ya riga shi. Ya duba maɗauran fata da ke gefe ko sun tsattsage, ko da yake wannan gyara ne mai sauƙi. Ya duba ninkin baya ko ɗinkin ya fara sakin jiki a wajen mazaunai, wannan kam gyaransa na da tsada. Kuma in zai yi kuskure gara ya ɗauki wanda ya ɗan yi masa yawa, domin ana iya matsar da maɗauran a rage inci ɗaya ko biyu, amma ƙara faɗi aiki ne ja.

In bai dace da gwanjo daidai jikinsa ba, akwai tsaka-tsaki iri biyu. Akwai na ulu mai yadi 5, ɗinkin keke, ninkinsa bai kai zurfin na asali ba, amma wanda bai san kan abin ba ba zai bambance ba, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Akwai kuma na wani yadi haɗin foliyesta da biskos, can suna ce masa PV. Masaƙar Marton Mills da ke Ingila ta yi suna wajen saƙa mai kyau. Shi wannan yana riƙe guga, ana wanke shi a gida, asu ba ya cin sa, ba ya ƙaiƙayi, kuma bai kai ulu zafi ba. In da ni ce zan zaɓa wa mutumin da zai dawo da kayansa ƙasa mai zafi, wannan zan ɗauka. Sai dai ya lura, ba duk abin da aka liƙa wa sunan PV ne mai kyau ba, ya taɓa ya ji nauyinsa a hannu.

Wanda nake roƙonsa da girman Allah ya guje wa shi ne na 'yan yawon buɗe ido. A Edinbara akwai wani dogon titi da ake kira Royal Mile, wanda ya taso daga tsohuwar ganuwar da ke kan dutse ya gangara har fadar Holirud. Akwai shagunan ƙwarai a kansa, amma akwai kuma masu rataye kilti a bakin ƙofa fam 30 ko 40, da kiɗan algaitarsu na tashi a lasifika. Yawancin waɗannan na zaren roba ne da ake kira akirilik, da yawa daga garin Siyalkot na Fakistan ake kawo su. Ba wai kayan Siyalkot duka ne banza ba, suna yin masu ɗan dama, amma na ƙasan nan araha ce marar ado. A irin wannan tarkon Yayana ya faɗa a shekararsa ta farko. Ya ga araha ya saya, bai tambayi kowa ba, ya tafi walimar makaranta yana taƙama. Abu na farko, ya juya shi, ninkin a gaba, shimfiɗaɗɗen a baya, sai da wata tsohuwa mai aikin abinci ta ja shi gefe ta raɗa masa. Abu na biyu, da suka fito waje iskar ƙasar nan da ba ta da kunya ta taso, yadin kuwa ba nauyi kamar gyale, ya ce haka ya taka har tashar bas hannu biyu a cinya kamar sabuwar amarya. Kafin wata uku duk ya yi ƙudaje-ƙudaje, ninkin ya baje. Matarsa ce ta ba ni labarin, shi har yau musantawa yake. Sannan irin wannan zaren ba ya shiri da wuta, in tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake.

Yanzu awo, domin a nan kuɗin mutane da yawa ke tafiya, musamman masu saye ta intanet. Kada ya ba da lambar wandonsa. Ba a ɗaura kilti inda ake ɗaura wando, a kan cibiya yake zama ko ɗan sama da ita kaɗan, kuma lambar da ke jikin wando ba ta cika faɗin gaskiya ba. Awo uku ne: zagayen ciki daidai cibiya, a ɗan matse tef ɗin amma kada ya shanye tumbi, zagayen mazaunai a inda suka fi faɗi, sai tsayi daga cibiya zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Wani ne zai auna shi yana tsaye ƙyam, don in ya sunkuya da kansa awon ya ɓaci. Waɗanda aka riga aka ɗinka na kanti yawanci tsayinsu inci 24 ne. In maigidanki dogo ne sosai zai ɗage masa, in gajere ne zai sauko masa ƙasan gwiwa, a nan ne kuwa zai koma siket ɗin da kike tsoro. Kuma kilti na ulu mai kyau ba a kalmashe bakinsa na ƙasa, bakin saƙar ne ake bari, don haka rage tsayi ba ƙaramin aiki ba ne. In ya karɓi sabo zai ga an ɗaure ninkin da farin zare manya-manya, wannan na riƙo ne kawai, ya warware shi kafin ya fita.

Na san za ki ce to gwiwa fa? Ai safar da ake sakawa doguwa ce mai kauri, tana tsayawa ƙasan gwiwa kaɗan, kiltin kuma ya sauko tsakiyarta, abin da ke fitowa ɗan kaɗan ne a tsaye, amma in an zauna yakan ɗage. Ya sa gajeren wando mai duhu a ciki, kada ya saurari masu zolayar cewa ɗan ƙasa na gaske ba ya sa komai, masu ba da haya ma ba sa son hakan. In kuma duk da haka ransa bai kwanta ba, akwai dogon wando na tatan da suke kira turus, shi ma kayan gargajiyarsu ne, ana zuwa biki da shi, kuma bai kai kilti kuɗi ba. Ya gaya wa angon, ba na jin zai ƙi. Musulmin ƙasar ma suna ɗaura kilti. Humza Yousaf, wanda ya shugabanci gwamnatin Sikotlan daga 2023 zuwa 2024, da kilti ya yi rantsuwar shiga majalisa a 2016, har da harshen Urdu.

Sai tarkacen da ke biye da shi, waɗanda su ne ke cinye kuɗi a ɓoye kamar kayan ɗaki. Dole guda ita ce jakar nan da ake ratayawa a gaba, siforan, domin kilti ba shi da aljihu, kuma ita ke danne gaban. Ta fata baƙa marar ado ta wadatar, ba sai mai gashi da ƙarfen azurfa ba. Safa ba ta da tsada. Takalmi kuwa, akwai nasu mai dogon igiya da ake naɗewa a ƙauri, amma baƙin takalminsa sau-ciki in ya sha mai ya isa. Kwat ce mai tsada, don ta kilti gajera ce, an yanke gabanta saboda jakar, kwat ɗin ofis ba ta zama a kai. To ita sai ya yi haya duk ranar da buƙata ta taso, sauran ranaku farar shat ko rigar sanyi ta wadatar. Akwai ɗan fil na ado da ake maƙalawa a gefen dama ta ƙasa, a fallen sama kaɗai ake soka shi, in ya haɗe biyun zai yaga yadin. Akwai kuma 'yar wuƙa da suke sokewa a safa. Dokarsu ta yarda da ita in tana cikin kayan gargajiya, amma ni dai shawarata baƙo kuma ɗalibi ya sayi ta roba marar kaifi da ake sayarwa, ko ya bar ta gaba ɗaya, kuma ko da wasa kada ta shiga jakar hannunsa ranar hawa jirgi.

Batun launi kuma kada wani ya tsorata shi da cewa sai ɗan dangi kaza ke sa zane kaza. Gaskiya ne dangoginsu na da nasu, amma yawancin wannan rabon a ƙarni na 19 aka tsara shi, wani littafin ma da aka dogara da shi, Vestiarium Scoticum na 1842, daga baya aka gane na jabu ne. Ba dokar da ta hana. Wanda dai ake bar wa masu shi shi ne irin na Balmoral, na gidan sarauta. Akwai na kowa da kowa, kamar Black Watch mai kore da shuɗi da baƙi, da Royal Stewart mai ja. Gwamnatinsu na da rajistar tatan tun 2009 mai ɗauke da dubban zane, har da na Musulmin Sikotlan da aka fitar a 2012. Sai dai ga mai neman sauƙi, duk zanen da ba a cika nema ba sai an saƙa shi musamman, kuɗin kuma sai ya ninka. Black Watch ko'ina akwai shi, a gwanjo ma shi ya fi yawa, kuma duhunsa na ɓoye tabo.

To 'yar uwata, ga abin da za ki yi yau da daddare in ya bugo. Kada ki ambaci Baturiya, kada ki ce siket. Ki ce masa kin yi murna da abokinsa ya girmama shi haka, sannan ki tambaye shi a hankali ko ya ji daga angon wane launi za a saka da kuma wa zai biya. In ya ce shi zai biya, ki ce kin ji ana haya, ki kawo masa maganar gwanjon shagunan haya kamar wadda ta ji a bakin wata. Kuɗin asibiti kuwa ki gaya masa kai tsaye, cikin ladabi, cewa ba ki yarda a taɓa ba, haihuwa ba ta jiran a mayar da bashi. In yana son na kansa ya tara daga ɗan aikin da yake yi, kafin bikin digiri ya samu.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za a samu. In an yi bikin ki turo min hoton in gani, na yi alkawari ba zan buga a mujalla ba, Yayana kawai zan nuna wa ya ga yadda ake juya ninki baya. Maganar lefe kuma sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, masu wasiƙu a ci gaba da aikowa ta adireshin mujalla kamar kullum.